Jakin da ya ci goma bisa goma: a sauke wa ƙananan yara aikin gida

Makon jiya na kwana a gidan ƙanwata a Birnin Kebbi. Wajen goma saura na dare aka ɗauke wuta, na fito tsakar gida shan iska, sai na tarar da ita durƙushe a kan tabarma. Ta jingina waya da kofi tana haska littafi, fensir na hannunta na hagu. Ita kuwa ba bahaguwa ba ce.

Na ce mata lafiya? Ta ce homwok ɗin autarta take yi. Yarinyar shekararta huɗu, tana gefe ta yi barci tun bayan isha'i, ko hannu ba a wanke mata ba. Da hagu uwar ke rubutawa don rubutun ya karkace, Anti ta ɗauka yarinyar ce ta yi.

Na ɗauki littafin na duba. Shafi uku ne. Lambobi daga 1 zuwa 100, haruffa manya da ƙanana, sannan a kawo jihohi biyar da manyan biranensu. Wannan ga yarinyar da har yanzu takan sa takalmin dama a ƙafar hagu.

Na yi dariya har ta ji haushi. Ba ita nake wa dariya ba, wani tsohon abu ta tono mini, zan zo kansa yanzu. Amma bari in fara faɗin inda na tsaya. Aikin gida na rubutu a ajin reno da aji ɗaya zuwa uku na firamare ya kamata a daina shi gaba ɗaya. Daga aji huɗu zuwa sama a ba da kaɗan, wanda yaro zai iya yi shi kaɗai, kuma wanda malam zai karanta da idonsa. Abin da muke yi yanzu a yawancin makarantun kuɗi wasan kwaikwayo ne. Malam ya san ba yaro ya yi ba, uwa ta san malam ya sani, kowa ya kama bakinsa.

Kifin dare uku

A 1992 ne, shekara guda da ƙirƙiro jihar Kebbi. Ina aji uku a wata firamare ta gwamnati a Argungu. Yayana yana aji biyu a ƙaramar sakandare, shi ne baturen gidanmu, don ko wasiƙa aka kawo shi ake kira. Wata ranar Talata malamin Turanci ya ce kowa ya je gida ya rubuto jimla biyar a kan kansa. Ni kuwa Turancina a lokacin bai wuce gaisuwar nan da muke rerawa in malam ya shigo aji ba, ita ma ban san inda kalma ɗaya ta ƙare wata ta fara ba.

Na sami Yaya bayan magariba. Ya ce aikin ba wuya, amma ba kyauta ba. Kifin da Inna ke ɗora mini a kan tuwon shinkafa yake so, na dare huɗu. A Argungu kifi ba abin marmari ba ne, amma ga yaro kasonsa kasonsa ne. Muka yi ciniki kamar masu sayen akuya, aka tsaya a dare uku.

Ya ce in ba shi lokaci. Sai washegari da dare ya kawo aikin, a rubuce a bayan kwalin sukari. Na zauna gaban fitilar ƙwai, harshe a waje, ina kwafa harafi bayan harafi. Yana tsaye a kaina fuska a murtuke kamar sufeto. Har goge mini wani harafi ya yi, ya ce bai miƙe ba, in sake. A raina na ce lallai Allah ya ba ni ɗan'uwa.

Ga ma'anar abin da na kwafa da hannuna, cikin tsabta, ba ko gogewa:

Sunana Jaki. Ina da dogayen kunnuwa guda biyu. Ba ni na yi wannan aikin ba. Yayana ne ya yi mini, na biya shi da kifi. Malam, don Allah ka yi mini bulala shida.

Da safe Yaya ya kasa shan koko. Da ya kai ludayi baki sai ya ƙware. Inna ta tambaye shi ko aljanu ne, ya ce tari ne. Har bakin ƙofar makarantarmu ya raka ni, abin da bai taɓa yi ba.

Monita ya tattara littattafai ya jibge a teburin malam. Aka sa mu haddar jadawalin sau, muna ta ihu, malam yana ta aiki da jan biro, ko ɗaga kai ba ya yi. Kafin a buga ƙararrawar tara an dawo mana da littattafai. Na buɗe nawa. Alamar daidai guda biyar, ɗaya a gaban kowace jimla. A ƙasa 10/10, da kalmar yabo, da sa hannu.

Da gudu na iso gida. Na tarar da Yaya a zaure yana jirana, yana leƙen bayana ko zai ga shatar bulala. Na miƙa masa littafin ina haki. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba. Ya duba, ya juya shafi, ya dawo. Ya ce, "Bai ce maka komi ba?" Na ce ya ce na yi ƙoƙari. Ya jefar da littafin ya fita, kamar wanda aka cuta a kasuwa. A daren nan ya ci kifinsa na ƙarshe ba walwala.

Da na yi shiru da maganar ta mutu a nan. Amma wa zai ci goma bisa goma ya ɓoye? Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Kawu ya biyo gaishe da Baba. Shi akawu ne, yana da tabarau da biro biyu a aljihu. Na kawo masa littafin da hannu biyu. Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa.

"Kai, wa yar rubuta ma wanga abu?"

Na bugi ƙirji na ce ni ne.

"To kai jaki na?"

Sai ya fassara wa Baba, jimla bayan jimla, a hankali, kamar mai karanta takardar kotu. Inna tana bayan ƙyaure tana ji. Da aka zo kan dogayen kunnuwa sai muka ji kwano ya faɗi, dariya ta zaunar da ita ƙasa. Baba bai yi dariya ba, aƙalla ba a gabanmu ba. Ya sa aka kira Yaya. Ya ce tunda an roƙi bulala shida a rubuce, ba kyau a hana mai roƙo, sai dai wanda ya tsara roƙon shi zai karɓa. Aka biya shi cif. Kifinsa na mako guda kuma ya dawo kwanona. Sunan ne dai ya ƙi gogewa. Har na gama firamare Jaki Mai Goma ake ce mini a unguwa.

Bayan an watse na ji Baba, wanda bai yi boko ba, yana tambayar Kawu, "Shi malamin, bai iya karatun ba na?" Kawu ya ce ya iya sarai, yara ne suka yi masa yawa.

Ina yaro na ɗauka jakin ne abin dariya a labarin. Da na girma na gane goman nan ita ce labarin. Kuma ban ga laifin malamin ba, Allah ya jiƙansa in ya riga mu. Mun haura saba'in a ajin. In ya ba kowane littafi minti biyu kacal, ya tashi da minti 140, sama da awa biyu, a darasi ɗaya na aji ɗaya. Ya ba da aikin ne don an ce a ba da, ya yi maki don an ce a yi maki. Shekara talatin da wani abu ke nan, ga ƙanwata tana rubutu da hagu.

"Ai sai da maimaici karatu ke zama"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini, kuma gaskiya ce. Ba wanda ya iya abu bai nanata shi ba. Amma ba sai mun je nesa neman yadda ake nanatawa ba, duk mun zauna a makarantar allo.

Can malam zai biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa, ka tafi da shi gida a ka. Ba ka wanke allo sai ka zo gabansa ka kawo da bakinka. In ka yi tuntuɓe ya gyara maka nan take, in bai zauna ba ka koma. A wannan tsarin ko kifin Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu, gaba ɗaya ka ba yayanka ba zai iya yi maka ba. Abin da za ka maimaita an riga an koya maka shi, kuma wanda ya koya maka zai saurare ka.

Aikin gidan boko na yau ya rasa duka biyun. Sau da yawa abin da aka aiko yaro da shi ba a koya masa a aji ba, an turo wa iyaye ne su koyar. Kuma abin da ake dubawa takarda ce, ba yaron ba. Takarda kuwa ba ta faɗin wanda ya rubuta ta.

Masu bincike ma sun duba maganar. Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka, wanda ya daɗe yana nazarin aikin gida, ya tattara binciken shekaru da dama ya fitar a 2006. Abin da ya gani shi ne amfanin aikin gida ya fi fitowa a sakandare, a ƙananan azuzuwa kuwa alaƙarsa da ƙoƙarin yaro ba ta da ƙarfi. Ƙa'idar da yake goyon baya ita ce minti goma a kowane aji: ɗan aji ɗaya minti goma, ɗan aji shida awa guda. A auna wannan da shafi uku na 'yar shekara huɗu.

Ƙasar Sin, wadda ba mai cewa yaranta ragwaye ne a karatu, ta hana ba 'yan aji ɗaya da biyu aikin gida na rubutu a 2021, ta ce na aji uku zuwa shida kada ya wuce awa guda. Faransa tun 1956 ta fitar da umarnin hana aikin rubutu a gida ga 'yan firamare, ko da yake malamansu ma ba duka ke bi ba. Ban kawo su don mu kwaikwaye su ido rufe ba. Na kawo su ne saboda mai cewa rage aikin gida lalaci ne.

"In ba a ba su aiki ba, wasa kawai za su yi"

Duk wanda ya faɗi haka ina so ya bi yaron Kebbi na yini ɗaya. Ya tashi da asuba. Kafin takwas yana boko, ba ya dawowa sai wajen azahar ko bayanta. Ya ci abinci ya sa wani yunifom ɗin, Islamiyya daga la'asar har dab da magariba, ita ma da tata haddar. Wasu gidajen akwai karatun dare a zaure. A watan Afrilu duk wannan zirga-zirgar cikin zafin da ke haura digiri 40 ake yin ta.

Sannan akwai aikin gida na ainihi, wanda sunan ya fi dacewa da shi. Ɗebo ruwa, shara, wanke-wanke, rainon ƙane, aike, ga wasu talla. A garuruwan fadama irin su Argungu da Augie da Suru, in shinkafa ta fara nuna yara ne ke korar tsuntsu. Yarinya ta fi shan wannan, kowa ya sani, sannan gobe a tsayar da su ita da namiji a tambaye su littafi ɗaya.

Bayan duk wannan ne, ƙarfe tara na dare, ba wuta, ido na rufewa, za a ce ya zauna ya rubuta jimla ashirin. Abin da yake koya a wannan zaman shi ne ƙin littafi.

Kuma wasan da ake tsoro ba zunubi ba ne. Ni a carafke da dara na fara iya ƙirga da sauri, ba a jadawalin da muke ihu ba. A tatsuniyar kakarmu na koyi yadda ake jera magana ta yi farko ta yi ƙarshe. In kuma waya ake tsoro, a karɓe wayar. Ba a maganin waya da shafi uku, musamman tunda uwar da wayar take haska shafukan.

Laifinmu ne, mu iyaye

Nan ne zan ɓata wa wasu rai. Wani abokina mai ƙaramar makarantar kuɗi ya gaya mini ya taɓa gwada rage aikin gida a ƙananan azuzuwa. Ba a yi wata ba iyaye suka fara zuwa ofishinsa. Wai makarantar ta yi sanyi. Wai ɗan maƙwabci kullum da homwok huɗu yake dawowa, nasu ɗaya. Wasu suka ce in haka ne za su canza makaranta a zango mai zuwa. Ya mayar da aikin yadda yake, har da ƙari.

Mun mai da nauyin jaka ma'aunin ilimi. Uba ya biya kuɗin makaranta da gumi, yana so ya ga abin da ya saya, kuma abin da ido ke iya gani shi ne littafi cike da jan biro. Ba ya zama ya ce wa yaron karanta mini wannan layin. Makarantu sun gane abin da kasuwa ke so, suna sayar mana da shi. Har da littattafan nan da ake cike amsa a cikinsu, waɗanda ƙane ba ya iya gadon na wa, dole kowace shekara a sayi sabo.

Da aikin ya fi ƙarfin gida sai a ɗauko malamin lesin. Akwai na kirki a cikinsu, masu koyarwa da gaske. Amma da yawa aikinsu shi ne su zo da yamma su cike homwok, yaro na gefe yana kallo. Wato abin da na yi da kifi, yanzu da albashi ake yinsa duk wata. Ga kuma zauren WhatsApp na iyayen aji, inda da dare za ka ga wata ta turo hoton tambaya ta huɗu, wata ta turo amsa, uwa talatin su kwafa. Gobe Anti ta ga amsa iri ɗaya sau talatin, har da kuskure iri ɗaya, ta bi su da alamar daidai.

Wa ake aunawa?

Za a ce aikin gida yana sa iyaye su san abin da 'ya'yansu ke koya. A gidan da uwa ta yi NCE ko digiri, wataƙila. A gidan da ba wanda ya yi boko fa?

Yawancin makarantu suna sa makin aikin gida cikin sakamakon zango. Ke nan yaron da uwarsa ta iya Turanci ya fara tsere da maki a aljihu, wanda uwarsa ba ta iya ba ya fara da bulala. Ranar ba da sakamako a ce wane ya zo na ɗaya, wane na talatin. Iyayen aka jera, ba yaran ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wannan ke ƙasƙantar da uwa a idon ɗanta. Mace ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami, tana riƙe lissafin adashin mata ashirin a ka ba ta ɓata ko sisi. Sai ɗanta ɗan shekara shida ya miƙo mata littafi ta ce ba ta iya ba, ya tafi da tunanin uwarsa ba ta san komai ba.

Harshe ma yana ciki. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a farkon firamare, kuma tun lokacin ake ta kai da komo a kan maganar. Ba zan shiga wannan muhawarar a nan ba. Abin da na sani shi ne, da malaminmu ya ce mu rubuto jimla biyar da Hausa, da na rubuta goma, kuma da kifina bai tafi ba. Na iya tunani a lokacin, na iya ba da labari. Turancin ne ban iya ba, kuma kwafar da na yi ba ta ƙara mini ko kalma ɗaya ba. Sunan jaki da Turanci ma a bakin Kawu na koye shi.

Hujjar da ta fi nauyi

Akwai wanda zai ce mini wannan kukan daɗi ne. Kana maganar yaran da aiki ya yi wa yawa, alhali a makarantun gwamnati na ƙauye akwai ɗan aji shida da bai iya karanta sunansa ba, ba aikin gida, wani lokacin ba malamin ma. Iyayen Jangebe a Zamfara da na Birnin Yauri a nan Kebbi, inda aka sace ɗalibai a 2021, damuwarsu ita ce yaro ya je ya dawo lafiya. Gaskiya ne, kuma ba na haɗa damuwata da tasu.

Amma in aka ajiye maganar tsaro, wadda ta fi ƙarfin wannan rubutun, ciwon makarantar da ba ta ba da aiki da na wadda ke jibga shi iri ɗaya ne. A duka biyun ba wanda ke zama ya saurari yaro yana karatu. Ɗaya ta bar shi haka nan, ɗaya ta lulluɓe shi da takardu. Na ga 'yan makarantar kuɗi masu littafi cike da goma bisa goma, ka buɗe musu shafin da ba su taɓa gani ba su tsaya suna kallonka. Tun da aka ƙaddamar da shirin UBE, na ba kowane yaro ilimin matakin farko, a Sakkwato a 1999 muke ƙirga azuzuwa da kujeru da yawan waɗanda aka rubuta. Ƙara wa wannan lissafin yawan shafukan homwok ba zai sa yaro ɗaya ya iya karatu ba.

Ga 'yan sakandare kuma zamani ya riga ya gama da aikin takarda. Yaya ya koma cikin waya. Yaro zai ɗauki hoton tambaya, manhaja ta rubuto masa amsa kafin ya ajiye hannu, ba ta neman kifi. Ba za ta rubuta masa cewa shi jaki ne ba, kuma a ganina nan ne ta fi yayana haɗari, don shi aƙalla ya tona mini asiri. Malamin da ke son sanin ko ɗalibi ya gane, dole ya koma tsarin allo: rufe littafin, gaya mini da bakinka.

Ba cewa nake yaro ya dawo gida hannu rabbana ba. A ce wa ɗan aji biyu ya karanta rabin shafi da ƙarfi ga duk wanda ke gida, ko kaka ce da ba ta san boko ba, ai tana da kunne. A ce ya roƙi tatsuniya ɗaya ya zo ya ba da ita gobe. In an aike shi sayen magi ya lissafo canji da kansa. Ɗan Argungu ko Yauri a ce ya tambayo sunan kifi biyar da yadda ake bambanta su, ya ga ko ajin ba zai cika da hayaniya ba. Da safe malam ya kira biyar da ka, ba wanda ya san ranar da za a kira shi. Minti goma ya isa, kuma ba wanda zai kwana yana maki.

Na yarda lissafi daga aji huɗu yana son hannu ya saba, musamman ga masu shirin jarrabawar shiga sakandare. A ba su tambaya biyar irin wadda aka yi a aji, ba arba'in ba, a gyara su tare a allo washegari. Kuma kada makin ya shiga sakamako, don da zarar ya shiga, uwa za ta ɗauki fensir. Ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, suna iya sa iyaka da takarda ɗaya, yadda suke sa ranar komawa hutu. In ba su yi ba, taron iyaye da malamai na kowace makaranta ya isa ya yanke, in dai mu iyayen mun daina auna makaranta da nauyin jaka.

A daren nan na ce wa ƙanwata ta rufe littafin, ta rubuta wa Anti cewa yarinya ta yi barci. Ta dube ni ta ce, "Yaya, so kake a ce ɗiyata ce daƙiƙiyar aji?" Ta ci gaba da rubutunta da hagu. Da ta zo kan jihohi ta tambaye ni babban birnin Ebonyi, na gaya mata Abakaliki, wato ni ma na sa hannu. Washegari yarinyar ta dawo da goma bisa goma da tambarin tauraro, tana ta tsalle.

Da yamma na kira Yaya a waya. Yana nan Argungu, 'ya'yansa shida, furfura ta cika masa gemu. Ya ɗauka ya ce, "Jaki, kwana biyu." Na ba shi labarin, na tambaye shi ko yana tuna kwalin sukari. Ya ce bulalar Baba ya manta da zafinta tuni, kifin ma ya yafe. Malamin ne har yau bai huce da shi ba.

"Yini guda na yi ina tsara jimlolin nan," in ji shi, "ba kuskure ko ɗaya. Mutumin ga ko kallonsu bai yi ba. Kuma goman nan tawa ta, ka sani."